Intanet da Mai Koyon Zane

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili a cikin mujallarmu ta bana, domin in yi magana bisa wani abu da ya shafe mu, mu da mu ke koyon zane da fenti, ko da ya ke ina zato sauran jama'a ma ba za su rasa abin tsinta a ciki ba. Maganar kuwa ita ce ta intanet: abin da mai koyon zane zai samu a cikinta, da yadda zai ɗiba, da kuma inda za ta cuce shi in bai yi hattara ba.

Kafin mu shiga, bari mu waiwayi baya kaɗan, don mutum ba ya sanin girman arzikinsa sai ya ga yadda na gabansa suka fama. Akwai wani bawan Allah, Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode cikin 1882. Shi ne a ke kira uban zanen zamani a Nijeriya. Sa'ad da ya ke yaro babu makarantar da a ke koyar da zane a ƙasar nan, babu malami, babu littafin koyo. Sai ya riƙa neman jaridu da littattafan Turawa, in ya sami hoto a ciki ya zauna ya yi ta kwaikwayo, har hannunsa ya faɗa. Bai sami zuwa Landan da Faris karatun zane ba sai cikin 1920, yana kusa da shekara arba'in. Da ya komo ya yi ta matsa wa hukuma ta sa zane cikin darussan makaranta, har aka ɗauko wani Bature malamin zane, Kenneth Murray, cikin 1927, wanda ya koyar da Ben Enwonwu. To, ku duba, abin da Onabolu ya ƙetare teku domin ya gani, yau ga shi a cikin aljihun kowane ɗayanmu.

Ni kaina, a makarantar mishan inda na yi firamare, hotunan da na sani ba su wuce na kalanda da na littafin karatu ba. Har na gama sakandare ban taɓa sa ƙafa a gidan adana zane-zane ba, na kuwa tabbata da yawa cikinmu haka su ke. Saboda haka ba na cikin masu raina intanet. Wanda ya taso da ƙishirwa ba ya zagin rijiya.

Abu na fari da za mu samu shi ne manyan gidajen tarihi na duniya, waɗanda suka buɗe taskokinsu kyauta. Cikin 2011 kamfanin Google ya fara wani shiri da gidaje 17, wanda yanzu a ke kira Google Arts & Culture, inda mutum zai zaga ɗakunan nuni yana zaune a bakin gadonsa. Cikin 2017 gidan Metropolitan na birnin New York ya saki hotuna 375,000, ya ce kowa ya ɗauka ya yi amfani da su ba sai ya nemi izini ba. Cikin 2020 gidan Smithsonian na Amurka ya bi sahu da hotuna miliyan 2.8. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne gidan Rijksmuseum na Amsterdam, a ƙasar Holan. Suna da wani babban zane na 'yan sintirin birni, wanda Rembrandt ya gama cikin 1642. Cikin 2022 suka fitar da hotonsa mai ɗigo biliyan 717. In ka yi ta matso da shi a kan waya, za ka ga sawun gashin buroshi, ka ga inda fenti ya tsattsage don tsufa, ka ga wurin da gwanin ya labta fenti da kauri don haske ya kama. Wanda ya biya kuɗin jirgi ya je har can ma ba za a bar shi ya matsa kusa haka ba. Lalle gani ya kori ji.

Abu na biyu shi ne malamai da littattafai. Akwai tsofaffin littattafan koyon zane waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg, kamar na John Ruskin na 1857 da na Harold Speed na 1913. Turancinsu na da ne, amma abin da su ke koyarwa game da layi da inuwa bai tsufa ba. Akwai shafin Drawabox, wanda ya ke fara wa mutum daga jan miƙaƙƙen layi, sa'an nan ya ɗora masa aikin zana akwati 250, kowanne ta wata fuska dabam. Kada ku yi dariya. Wanda ya iya juya akwati a cikin kansa zai iya zana ɗaki, da mota, da kan mutum, gama duk a kan wannan ƙa'ida su ke tsaye. A YouTube kuma akwai tashar Proko, inda a ke bayyana ƙashi da tsoka na jikin ɗan Adam dalla-dalla. Akwai kuma Line of Action, wanda ya ke nuna maka hoton mutum ko dabba na daƙiƙa 30 ko minti 2, ya ɗauke ya kawo wani, don ka koyi kama tsayuwar jiki da sauri ba tare da tsayawa ƙirga gashin gira ba. A nan sai in ja kunnen 'yan'uwa: kafin ka fara, zaɓi masu tufafi, don akwai wurin zaɓa. 'Yan'uwanmu kuma waɗanda ba su son zana mai rai, su ma ba a bar su a baya ba, domin gidajen nan cike su ke da zayyanar littattafai, da adon gine-gine, da zanen itatuwa da duwatsu.

Abu na uku shi ne ƙarfafa zuciya, gama mai koyon zane ya kan karaya sau da yawa. Ga wanda ya ke jin ya makara, ina ba shi shawara ya nemi wasiƙun Vincent van Gogh, waɗanda aka zuba a intanet cikin 2009, su fiye da 900, da fassarar Turanci. Wannan mutum bai ɗauki zane sana'a ba sai cikin 1880, yana da shekara 27. Ya fara da kwaikwayon darussan zane na Charles Bargue, yana yi yana maimaitawa. Ya rasu cikin 1890, watau shekara goma kaɗai ya yi yana aiki, amma ya bar zanen fenti wajen 900, da na fensir da tawada fiye da 1,000. In ka karanta wasiƙun da ya rubuta wa ƙanensa Theo, za ka tarar yawancin maganarsa ta kuɗin fenti ce, da ta aikin da ya ƙi yin kyau, da ta sake gwadawa gobe. Ashe gwanaye ma da irin kukanmu suka yi.

Akwai kuma jam'iyyun masu zane da a ke shiga kyauta. Wata, mai suna Urban Sketchers, an kafa ta cikin 2007, sharaɗinta kuwa shi ne ka zana abin da ke gabanka a inda ka ke, kasuwa ce ko tasha, ba daga hoto ba. Wani shiri kuma, Inktober, ya faro cikin 2009: kowace rana ta watan Oktoba mutum ya yi zane ɗaya da tawada, ya cika 31. Amfanin irin waɗannan shi ne suna sa wa mutum wa'adi, ɗan Adam kuwa in babu wa'adi sai ya yi ta cewa gobe.

Yanzu na zo ga abin da ya fi damuna. Mu kan buɗe waya mu nufi Italiya da Holan, mu manta cewa kayan gidanmu ma suna ciki. Cikin 1897 sojan Ingila suka kwashe kayan fadar Benin, aka warwatsa su a duniya. Cikin 2022 aka buɗe wani shafi, Digital Benin, wanda ya tattara hotuna da bayanin kaya fiye da 5,000 daga gidaje 131 a ƙasashe 20. Ɗalibin zane da ya zauna ya kwafi faranti goma na tagulla daga cikinsu zai koyi yadda a ke jera mutane a fili ɗaya, babba ya fito babba, ƙarami ƙarami, ba tare da cunkoso ba. Haka nan kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a wurin haƙar kuza cikin 1928, da idanunsu masu kusurwa uku. Haka zanen shanu a kan duwatsun Birnin Kudu. Haka adon bangon gidajen Zariya da Kano, da dagi, da zanen ƙwarya, da aikin wuyan riga. Haka tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da ƙadangaru da kifayen da ta ke zanawa a jikinsu.

Wannan magana ba ni na fara ta ba. Cikin 1958 waɗansu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa jam'iyyarsu ta masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun Turawa, a haɗa da gadon gida, a fitar da abu sabo. Uche Okeke ya koma ga zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai. Samari ne kamarmu, ba su da waya ba su da kwamfuta. Mu da aka sauƙaƙa wa nema, wane uzuri za mu kawo in muka fita daga kwaleji mun san Rembrandt, ba mu san Nok ba?

To, wannan ke nan game da alheri. Amma kowane allazi da nasa amanu, kuma wajibi ne in faɗi inda na ga haɗari.

Na ɗaya, gilashin waya ba ya faɗin gaskiya duka. Zanen nan na Rembrandt ya fi mita 3 a tsaye, ya fi mita 4 a kwance. Mona Lisa kuwa santimita 77 ce a tsaye, 53 a kwance, ba ta kai ƙyauren taga ba. Amma a waya dukansu tafin hannu ne. Don haka duk zanen da ka buɗe, nemi awonsa, ka auna a jikin bango, ka san da wa ka ke magana. Launi ma haka. Waya da haske ta ke haɗa launinta, ja da kore da shuɗi, fenti kuwa gari ne da a ke kwaɓawa, kuma in ka yawaita haɗa shi sai ya yi duhu ya koma kamar taɓo. Wanda ya nace sai fentinsa ya yi walƙiyar waya zai ƙarar da kwalabensa a banza.

Na biyu, kallo yana da daɗi, har ya kan sa mutum ya ji kamar ya yi aiki. Za ka ga bidiyon da aka gaggauta, zanen kwana uku ya ƙare cikin minti ɗaya, babu gogewa babu kuskure. Ka kalli goma a jere, data ta ƙare, dare ya yi, takardarka tana nan fara fat. Hausawa sun ce gani ba ci ba ne. Ilmin zane a hannu ya ke zama, kamar noma, kamar saƙa, hannu kuwa ba ya koyo ta wurin kallon hannun wani. Malaminmu na zane ya kan duba gefen tafin hannun ɗalibi kafin ya dubi takardarsa. In ya ga baƙin fensir, ya san an yi aiki.

Na uku, kwaikwayo. Kwaikwayo hanyar koyo ce tun tuni, Onabolu ya yi, Van Gogh ya yi, babu kunya a ciki. Abin kunya shi ne ka kwafi aikin wani ka sa sunanka. In ka kwafa, rubuta a ƙasa cewa daga wurin wane ka ɗauko. Sa'an nan kada ka dawwama a nan, gama zanen aro ba ya rufe katara. Akwai kuma wani salo da ya cika intanet, watau a ɗauki hoton fuska a kwafe shi da fensir har ba a bambanta shi da na kyamara. Aiki ne mai wuya, yana bukatar haƙuri, ba na raina masu yinsa. Sai dai wanda bai iya komai ba sai wannan, in ka zaunar da tsohuwa a gabansa ka ce ya zana ta, sai gumi ya karyo masa, domin kyamara ce ta saba yi masa rabin aikin, ita ce ta ke mai da abu mai jiki ya zama shimfiɗaɗɗe.

Na huɗu, tun wajen 2022 manhajoji sun bazu waɗanda in ka rubuta musu magana sai su fitar maka da hoto nan take. Na ji waɗansu 'yan ajinmu suna cewa, to, me ya rage? Ni dai ga abin da na gani. Sa'ad da aka bayyana kyamara cikin 1839 an yi irin wannan tsoro, ga shi har yau ana zane. Kuma dalilin sa zane a makaranta ai bai tsaya ga samar da hotuna ba. Ana so ne yaro ya koyi duba abu da kyau. Yaron da ya zana ganyen rogo ya ƙirga yatsunsa, ya lura da jijiyoyinsa, gobe in ya shiga ajin kimiyya idonsa a buɗe ya ke. Wannan kuwa babu na'urar da za ta yi masa.

Ga yadda ni na ke yi, ko wani zai ga abin ɗauka. Na kan ba kallo kashi ɗaya, aiki kashi uku: in na yi minti 15 a waya, sai in kife ta in yi minti 45 da fensir. Na kan zaɓi gwani ɗaya in zauna da shi mako guda, maimakon in yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. In na sami intanet mai ƙarfi na kan sauke hotuna da littattafai in ajiye, don ranar da babu data ko babu sabis. Kowace dabara kuma na koya a waya, a ranar na kan gwada ta a kan abu na gaske. In darasin inuwa ne, sai in ɗora ƙwai ko tulu a bakin taga. In na tsayuwar jiki ne, sai in tafi filin ƙwallo ko bakin famfo inda a ke layin ruwa. Na kan rubuta kwanan wata a kowace takarda, ba na yar da ko ɗaya, don in na duba ta watan jiya in ga ko na matsa.

Amma babban dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: mu malamai za mu zama. Yawancinmu ƙauye za a tura mu, inda babu lantarki, babu fenti, wani wurin ma babu isasshiyar takarda. Na ga haka da idona sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji. Yara sun fi sittin a ajin da aka ba ni, kayan zane kuwa alli ne kaɗai. Na buɗe hoton kan Nok a wayata, aka riƙa miƙa ta daga benci zuwa benci. Da na gaya musu a ƙasar nan aka yi shi, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, da irin yumɓun da iyayensu ke gina tukunya, sai ajin ya yi tsit. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe mu ma mun iya?" Muka fita waje, kowa ya share ƙasa a gabansa ya ɗauki tsinke. Da aka tashi, sai da na kore su gida.

Wayar ta yi aikinta na minti biyar, sauran aikin kuwa na malami ne. In malamin bai iya kama alli ya zana akuya a allo ba, hotuna miliyan da ke aljihunsa ba za su cece shi a gaban yara ba. Don haka mu koyi haɗa kayan aiki da abin da ke kusa. A yanka siraran rassa a cusa a gwangwani, a rufe, a huda 'yar ƙofa a murfin, a sa a wuta, sai su zama gawayin zane. A daka jar ƙasa da farar ƙasa a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro, ga fenti. Tawada da alƙalamin kara kuwa, makarantun allo sun riga mu sani tun da daɗewa. Takardar buhun siminti ma tana karɓar gawayi ƙwarai.

Daga ƙarshe ina da roƙo biyu. Ga hukumar kwaleji, ina roƙo a taimake mu da intanet a ɗakin zane, ko da na sa'a biyu ne a rana, domin kuɗin data yana cin abincin ɗalibi. Ga 'yan'uwana kuma, ina ba da shawara mu riƙa haɗuwa kowace Asabar da la'asar, kowa da takardarsa. Mu dubi aikin gwani ɗaya tare, na waje a wannan mako, na gida a mako mai zuwa, sa'an nan mu kashe wayoyi, ɗayanmu ya zauna a tsakiya mu zana shi. Ba sai ɗan sashen zane ba, duk mai sha'awa ya zo, ko da bai taɓa jan layi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani yaran da za a danƙa a hannunmu. Haza wassalam.